Inna Ta Je Gaisuwar Ɗanta

Yayana shi ne ɗan farin Inna, kuma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ranar da aka yaye shi, Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Hayin Banki. Can ya yi wayo, can ya yi makaranta, can aka kai masa amarya. Haka ake yi a danginmu. Uwa ba ta riƙe ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki, har da ni. Mu da muka biyo bayansa a Kurmin Mashi muka tashi, muna ce masa Yaya. Inna kuwa, in ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin Hayin Banki."

Bayan rasuwar mahaifinmu sai ya riƙa zuwa gida duk Juma'a in an sauko daga masallaci. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a ma'aikatar gona, dogon mutum mai son raha. Zai cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta daga waje, ya gaishe ta. Takan amsa idonta na kan tsintar shinkafa, ko wani aikin da ta ƙirƙiro a lokacin. Ni ma ranar Juma'a nakan zo daga Doka, inda nake aure, don haka ta kaina ake bi a yi hira.

"Ke, tambayi baƙon nan ko ya ci abinci."

"Ki ce mata baƙo ya ƙoshi," in ji shi, "amma tun daga bakin titi yake jin ƙamshin dambu."

"Ki ce masa na maƙwabta ne."

"Ai ni ma maƙwabci ne. Hayin Banki da nan duka tafiyar minti nawa ce?"

"Ki ce masa ya rage surutu, ya girma."

Sai ta turo mini kwanon, ni kuma in miƙa masa. Ya cinye, ya ce a yi wa maƙwabta godiya, ya tafi. Ba ta raka shi ko da ido. Na dai lura ba ta komawa cikin ɗaki sai ƙarar babur ɗinsa ta ɓace.

A farkon shekarun casa'in ina aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, ina fassara labarai ina karantawa. An horar da mu mu faɗi abu yadda yake, ba ƙari ba ragi, kuma labarin ambaliya da na farashin taki duk da murya ɗaya ake karanta su. Wata Talata da damina, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka ce ana nemana a waya. Kawu ne, ƙanin Inna. Ya ce motar aikin su Yaya ta kife suna dawowa daga yi wa shanu allura a wata ruga, mutum biyu sun ji rauni, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa nan take. Gawa tana hanya, gidan Gwaggo za a kai ta, jana'iza bayan la'asar.

"Ki rubuta sanarwa tunda aikinki ne," in ji shi. "Amma kar ta fita sai na isa wurin Adda." Adda yake ce wa Inna.

Sanarwar rasuwa tana da tsari, kuma na karanta irinta ba adadi. A faɗi wanda ya rasu, a faɗi lokacin jana'iza, a faɗi gidan da za a karɓi gaisuwa, sannan waɗanda ya bari. Na rubuta matarsa da 'ya'yansa uku. Na rubuta Gwaggo, na ce ita ta riƙe shi. Na rubuta "da mahaifiyarsa," na tsaya ina kallon rubutun. Rediyon Inna kullum a kunne yake a kan taga. Na ƙiyasta ta zaune ana shelanta wa Kaduna kaf cewa ita ta haife shi, na ga nauyin da za ta ji. Sai na ja layi a kai. Ba wanda ya sa ni. A ganina ladabi na yi, kuma da na nuna wa kowace tsohuwa a danginmu da ta ce na kyauta. Na ba abokin aikina takardar, na ce ya riƙe sai bayan labaran rana, na fita.

Daga baya Kawu ya ba ni labarin yadda suka yi. Ya tarar da ita tana tankaɗe. Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce an yi hatsari, ya ce jiki ya yi tsanani. Ta ajiye rariyar ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Da ya faɗa ta yi salati, ta yi innalillahi sau uku, sannan ta tambaye shi ko an gaya wa Gwaggo.

"An gaya mata, Adda."

"To bari in ɗauko mayafi. Kar a bar ta ita kaɗai."

Ina gidan Gwaggo lokacin da ta shigo. Tsakar gida cike da mata, Gwaggo a tsakiya an rirriƙe ta, matar Yaya a ɗaki ba ta san inda take ba. Inna ta ajiye takalmi, ta ratsa, ta durƙusa a gaban Gwaggo kamar yadda duk wadda ta shigo take yi.

"Hajiya, ya haƙuri?"

Gwaggo ta rungume ta. Shekara arba'in da wani abu da auren, amma har lokacin Amarya take ce mata. "Amarya, an ɗauke mini shi. Jiya-jiya ya kawo mini nono daga ruga."

"Haƙuri za ki yi, Hajiya. Allah ya ba ki dangana."

Da aka gama shirya shi aka ce mata su zo su yi masa addu'a. Gwaggo aka fara shigarwa, sai matarsa, sai mu. Inna ta shiga a cikin ayarin maƙwabta. Ta tsaya daga wajen ƙafafunsa. Wata dattijuwa ta ce a buɗe mata fuskar, ta girgiza kai. Aka ce ta yafe masa, ta ce bai yi mata komai ba. Ta yi abin da bai fi minti ɗaya ba, ta fito, ta wuce kai tsaye can ƙuryar gidan inda aka kafa murhu, ta karɓi muciya daga hannun wata mata.

Nan ta yi kwana uku. Ita ke auna gari, ita ke tuƙi, ita ke sanin kwanon da ya tafi zaure wurin maza da wanda ya dawo. Jama'a kuwa suka yi ta zuwa, don Yaya mutum ne na mutane, sanarwa kuma ta fita sau uku. Matan abokan aikinsa da sauran waɗanda suka ji a rediyo sukan gaishe da Gwaggo, su shiga wurin matarsa, in sun zo fita su leƙa wurin murhu su ce wa Inna, "Sannu da aiki, Mama." Ta ce musu yauwa, an gode, Allah ya ba da lada. Dangi da suka san ko ita wace ce sukan ce "Allah ya jiƙansa" a gurguje su wuce, don kar su sa ta jin nauyi. Na ji wasu tsofaffi biyu suna yaba ta a inuwar mangwaro. Ɗaya ta ce irin wannan kunyar ta ƙare a duniya, matan yanzu sai su yi ta birgima a kan ɗan fari. Na ji daɗin yabon. Wannan ma ina so in rubuta shi yadda yake: na ji daɗi, na ji uwata ta fi ta kowa.

Sau biyu na kai mata abinci. Ta ce ta ci. Na koma wurin matar Yaya, don ita ce muke ganin tana buƙatar mutum.

Ranar sadakar uku tun da sassafe ta kafa tanda tana suyar waina. Wajen hantsi na zo ɗaukar faranti, na tarar ta dafa bango da hannu ɗaya, cokali a ƙasa, wainar tana ƙauri. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali har tana ɗiga ta haɓa.

"Inna, lafiya?"

"Hayaƙi ne. Juya wainar nan."

Na zaunar da ita a kan turmi. Mata suka taru. Wata ta ce gyambon ciki ne, ita ta lura tun ranar Talata ba ta ga ta kai loma baki ba. Aka dama madara mai ɗumi aka ba ta, ta kurɓa ta amayar. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Gwaggo, ta kasa kwanciya, da ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ta jingina da bango tana cewa a koma kan aiki, maza suna jira. Mun ɓata kusan awa biyu a haka. Sai da na ga leɓɓanta sun sauya launi na aika zaure a kira Kawu.

"Adda, ina ke miki ciwo?"

Ta ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji. "Kamar an ɗora mini dutsen niƙa."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauke ta cak ya sa a mota.

Likitan da ya karɓe mu ba Bahaushe ba ne, amma a Kaduna ya tashi, Hausarsa ta kasuwa ce mai sauri. Aka sa mata robar iska a hanci, aka manna mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta riƙa fitar da doguwar takarda mai zane. Ya duba takardar ya daɗe. Ya tambaya ko tana da hawan jini, na ce a'a. Ciwon suga, a'a. Ta taɓa kukan ƙirji, a'a. Sai ya sunkuya kusa da ita.

"Mama, wani abu ya faru da ke kwanan nan? Tashin hankali, ko faɗa, ko wani labari?"

Ta ja numfashi sau biyu kafin ta amsa. "Rasuwa aka yi a gidan yayar maigidana. Na je taya su aiki."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi mata yawa ke nan, ya rubuta. Ina tsaye a gefen gado, amma ba zan iya gyara mata magana a gabanta ba, balle wannan maganar. Sai da ya fita na bi shi baranda na ce masa wanda ya rasun ɗanta ne.

"Ɗanta na cikinta?"

"Na cikinta. Na fari."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ba a faɗa."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin, ya ciro biro ya soke abin da ya rubuta.

Washegari aka kai ta wani ɗaki mai na'urar da ke nuna zuciya tana motsi a gilashi kamar talabijin. Ni ban ga komai ba sai inuwa tana buɗewa tana rufewa. Da muka fito likitan ya juya bayan kati ya zana mana, ni da Kawu. Ya ce zuciya tsoka ce, aikinta ta matse ta tura jini. Ta Inna saman ne kawai yake matsewa, ƙasan ya saki ya kumbura, ya zama kamar tulu mai siririn wuya. Shi ya sa ruwa yake taruwa mata a huhu. A saninsa, in ji shi, abin da ke kawo haka shi ne jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, wurin ya mutu, kuma tsokar da ta mutu ba ta dawowa. Ya ce kwana bakwai na farko su ne abin tsoro. In ta wuce su za ta rayu, amma da rabin ƙarfi: ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba doguwar tafiya.

Sannan ya kafa doka. Kada kowa ya yi kuka a gabanta. Kada kowa ya yi mata zancen rasuwar. Duk abin da zai motsa mata rai zai iya zama na ƙarshe.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na ɗauki kujera na ajiye a bakin ƙofar ɗakin, na zama mai gadi. A lokacin labari ya riga ya zaga dangi, kuma kowa ya gane abin da ya kwantar da ita ba tare da an faɗa ba. Matan da suka wuce ta a bakin murhu sai ga su ƙungiya-ƙungiya da lemo da ayaba, idanu jajur, sun zo yi mata gaisuwar da ba su yi ba. Nakan tare su tun daga nesa. A gaishe ta da jiki kawai. Wadda ta san ba za ta iya riƙe hawaye ba ta tsaya a waje. Minti biyar, a fito. Na iya aikin ƙwarai, ba wadda ta wuce ni da kalma ɗaya.

Inna tana zaune a jingine da matasai uku, ana yi mata allurar da ke fitar da ruwa. Magana kaɗan take yi. In nas ta zo awo sai ta miƙa hannu ba musu. Akwai wata nas mai ƙiba mai barkwanci da ke ce mata kishiyata, wai maigidanta ya ce in Mama ta warke zai aiko da goro. Inna takan ce, "Ki ce masa ya yi sauri." Iyakar rahar da na ji ta yi ke nan. Sauran lokaci idonta na kan taga, inda ruwan sama ke zuba daga indararo.

A kwana na biyar Gwaggo ta zo. Ta rame, tana dogara sanda, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na miƙe na fara karanta mata doka.

"Ke za ki koya mini shiga wurin marar lafiya? Ni na yi miki wankan farko."

"Gwaggo, likita ne ya ce."

"Na ji. Matsa."

Na bi ta ciki na tsaya a ƙarshen gado. Ta zauna a bakin katifa tana haki.

"Amarya, kin kyauta ke nan? Kin bar mana waina ta ƙone, maza suka ci baƙa ƙirin, har liman yana tambaya ko gawayi muka yi sadaka da shi."

Inna ta yi murmushi. "A yi haƙuri, Hajiya."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Gwaggo ta kamo hannunta, wanda ba a sa wa allura ba, ta riƙe da hannu biyu tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Amarya," in ji ta, "ni fa aro aka ba ni. Na manta ne. Kwana uku ina zaune ana..."

Numfashin Inna ya ƙara sauri, na ga robar hancinta tana motsi.

"Gwaggo, lokaci ya yi," na ce.

Da muryar aiki na faɗa, wadda ba a yi mata gardama. Gwaggo ta dube ni, ta haɗiye sauran, ta saki hannun, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Na kama ta muka fita. Kafin in juya na ga idon Inna a kan bakin Gwaggo yake. Ko jiran ƙarshen maganar take yi, ko tsoronta take ji, har yau ban sani ba. Gwaggo ba ta sake ɗauko zancen ba, a asibiti ko bayan asibiti.

Kwana bakwai suka wuce. Aka cire robar iska. Ta fara kwanciya da matashi biyu, sannan ɗaya. A mako na uku aka sallame mu da ƙwayoyi kala huɗu da dokoki cike da takarda, na tafi da ita gidana a Doka. Na hana ta shara, na hana ta wanke ko kofi. Na gargaɗi 'ya'yana da maigidana. Sunan Yaya bai fito a gidan ba, hotonsa da ke falo na cire na sa a akwati. Duk da safe ina tsaye sai ta haɗiye magani. Nakan ƙirga numfashinta daga bakin ƙofa in tana hutun rana.

Wata ranar Lahadi bayan azahar tana kan darduma ta kira ni.

"Yau kwana nawa?"

"Da me, Inna?"

"Da kwanciyata."

Na lissafa na ce talatin da bakwai. Ta gyaɗa kai. Ba ta tashi daga dardumar ba sai da aka kira la'asar. Na san ta ƙara uku a kai, don a daidai lokacin ana can Hayin Banki ana sadakar arba'in, wadda muka haɗa baki muka ɓoye mata.

Da mako na bakwai ya cika muka koma asibiti, ni da ita da Kawu, don a sake hoton. Likitan ya shafa mata ruwan nan mai sanyi a ƙirji, ya ɗora na'ura, ya kalli gilashi. Ya gyara zama. Ya ce ta juya gefen hagu. Ya ɗauki katin ya karanta, ya tambaye ni ko ita ce dai wadda aka kwantar a gado na biyu. Ya fita ya dawo da wani likita da ya girme shi, suka yi ta nuna gilashin da yatsa suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Na matsa kusa da Kawu.

"Zuciyar nan lafiyarta ƙalau," in ji likitan daga ƙarshe. "Sama da ƙasa duk suna matsewa. In da ba ni na duba ta da kaina wancan karon ba, sai in ce an musanya kati."

Kawu ya ce, "Likita, ba kai ka ce abin da ya mutu ba ya dawowa ba?"

"Ni na ce. To ashe bai mutu ba. Suma ya yi." Ya ɗaga kafaɗa. "Kar ku tambaye ni dalili, ban sani ba. A karatuna ban ga irin wannan ba."

Ya rage magungunan zuwa ɗaya, ya ce shi ma bayan wata uku a daina. Ya ce ta koma harkokinta, ta yi daka in tana so.

Sai bayan shekaru masu yawa na samu bayanin, a wurin aiki, cikin wani rahoton lafiya da aka ajiye mini in fassara. Ashe likitoci sun gano cewa mummunan tashin hankali, kamar rasuwa ko firgita, yakan sa jiki ya kwararo sinadaran da yake saki lokacin tsoro, su yi wa zuciya yawa har tsokarta ta sume. Alamunsa iri ɗaya ne da na toshewar jijiya, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, amma in an duba sai a tarar jijiyoyin a buɗe suke. Ya fi kama matan da suka manyanta. Wasu yakan tafi da su a kwanakin farko, amma akasari zuciyar takan farfaɗo cikin 'yan makonni. Na karanta rahoton sau biyu ina neman inda zai ce kuka yana hana abin, ko gaisuwa, ko a rungume mutum a kira shi uwar mamaci. Bai ce ba. Bai kuma ce ba sa hanawa ba. Na fassara shi yadda yake, na shiga na karanta.

Amma ranar da muka fito daga asibitin ba mu san ko ɗaya daga wannan ba. Murna kawai muke yi. Kawu yana tuƙi yana dukan sitiyari, ni ina gaba ina ta hamdala, Inna tana baya ita kaɗai da jakar magani a cinya.

"Adda, kin ji dai da kunnenki," in ji Kawu yana kallonta ta madubi. "Zuciyar 'yar shekara ashirin gare ki. Sai kin binne mu duka."

Bai rufe baki ba ya gane abin da ya faɗa. Ya rage gudu, ya kama gyaran madubin da ba abin da ya same shi.

"Ke," in ji Inna. "Likitan nan ya tabbata kuwa?"

"Ya tabbata, Inna. Su biyu suka duba."

"Ciwon ba ya dawowa?"

"Ya ce da wuya."

"Alhamdulillahi," ta ce. Ta faɗa da kyau, yadda ya kamata a faɗa. Na juyo ina murmushi don in taya ta, na ga ba ni take kallo ba, waje take kallo, inda masu gasa masara suka jeru a bakin titi.

"Ni da na ɗauka kusa-kusa za a yi tafiyar," in ji ta a hankali. "Ashe da sauran zama."

Da muka kai mararrabar da za a karya zuwa Doka ta ce a wuce da ita Kurmin Mashi, tunda an ce ta warke, gidanta ya daɗe a rufe. Kawu ya wuce. Ta yi shekara goma sha huɗu a gidan nan bayan haka, zuciyarta ba ta sake yi mata ciwo ba ko sau ɗaya.